Shafi na Arba'in da Ɗaya

Ni na ga tsagar.
Siririya, kamar gashin gira,
a gindin ƙusar da ke riƙe da fiffiken hagu.
Na shafa da babban yatsa, farcena ya maƙale.
Safiyar Laraba, filin jirgin Damagaram,
rana ba ta gama hawa duwatsun Birni ba.

Na rubuta a littafin gyara, shafi na arba'in da ɗaya:
a sauya kafin ya tashi.
Sai waya daga babban ofis.
Muryar ta ce kayan suna bisa teku,
ta ce kwana tara kaɗai, Harisu,
ta ce an riga an sayar da kujerun,
ta ce, wai albashin wa kake ci?
Murya ba ta da sa hannu.
Ni ke da shi. Na sa.

Kwana shida yana tashi yana sauka
har na koma yin barci.
A na bakwai ya nufi Difa,
bai wuce gonakin Mirriya ba.
Masu huɗa suka ce ya karkata
kamar tsohon da ƙafa guda ta yaudara.

Falmata Kyari ungozoma tana ciki,
da kwanon alkaki a cinya, tsarabar jikoki.
Lawali baduku da jakunkuna ashirin da ya ɗinka cikin azumi.
Kyaftin Nuri, wanda ba ya hawa
sai ya ɓara goro ya miƙo mini rabi.
Ran nan ma ya miƙo. Na karɓa.

Kafin sadakar bakwai lauyoyi sun iso
da takalman da ba su taɓa sanin ƙaya ba.
Masu suna a jikin jirgin suka ce haya suka ɗauka.
Mai ba da hayar yana bayan ruwa,
ofishinsa akwatin gidan waya ne.
Maƙerin ƙusar ya ce ai ya aiko da gargaɗi tun bara.
Mai inshora ya ce a karanta ƙananan rubutun ƙasa.
Haka laifi ya yi ta zaga gari kamar kuɗin jabu a kasuwar Dole,
kowa ya karɓa sai ya miƙa gaba.

Kamfani ba shi da wuyan riga da za ka cafka.
Ba ya zaman makoki, ba ya kwanan kabari.
Da aka tankaɗe, sunaye biyu suka rage a rariya:
matuƙi, da ba ya iya musu,
sai ni.

Sun je gidan Falmata a Zangon, da ambulan mai kauri.
Dangwala nan, Malam Bashari, ƙaddara ce.
Tsohon ya dubi takardar, ya dubi yatsansa.
Ya ce na san ƙaddara,
ita ta ɗauki uwata a kan buzun salla.
Ba ta turo lauya ba,
ba ta ce in dangwala ba.

Littafin gyara ya dawo daga babban ofis,
daga arba'in ya tsallaka arba'in da biyu.
Sun manta akwai takardar kabon a ƙarƙashi.
Tana gidana, cikin gwangwanin madara,
shuɗin rubutun ya dushe amma yana karantuwa,
da lokacin da wayar ta shigo, a gefe, da fensir.

Gobe kotu.
Tsahara ta goge mini farar rigar, ba ta ce komai ba,
ta dai ƙara wa yara tuwo.
An ce laifi tudu ne.
To, na hau nawa, ban take shi ba,
daga kansa nake hango benen can mai gilashi.
Sunana zan fara faɗa wa alƙali,
sannan na mai muryar.

Farcen ya fita, sabo ya tsiro.
Har yanzu, in na shafa bakin kofin shayi,
sai ya maƙale.